Rasuwar Rikodan da Ke Tari a Madadina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Hatsue Kudo nake sanar da 'yan uwa da masu bin labarin tafiyata a intanet rasuwar abokin hanyata, ƙaramin rikoda mai launin toka da aka fi sani da Tsoho. Ya rasu da yammacin wata Alhamis cikin ruwan sama, a kan wani dutse a jihar Aomori, yana da shekara goma sha ɗaya, yana bakin aiki.

Marigayin ya zo hannuna ne shekara uku da suka wuce, ranar da na bar aikin girki a makarantar firamare na sayi motar da nake kwana a cikinta. Yayana Genzo, masunci, ya yi faɗa har ya gaji. Da ya ga ba zan fasa ba, ya zauna ya cika rikodan da muryarsa, ya haɗa mini da takalman robarsa na jirgi, ya ce in riƙa ajiye su a ƙofar mota kusa da nawa. Kowa ya san ba a shiga wurin kwana da takalmi, don haka mai wucewa zai ƙirga ƙafa huɗu ya kama gabansa.

Tsoho ba mai yawan magana ba ne. Abu uku ya iya. Na farko tari, irin na mai shan taba tun yana sha shida. Na biyu: "Waye a nan?" Na uku: "Ke Hatsue, miƙo mini ƙugiyar nan." Da waɗannan ya sallami mashaya, da masu leƙen labule, da wani mai son ya koya mini yadda ake faka mota. Akwai magana ta huɗu, doguwa, faɗa ne Yaya ya yi mini bai san ana ɗauka ba. Ban taɓa bari ta wuce jimlar farko ba, saboda ina da zuciya.

Ciwon ajali ya fara da damina. Sanyi ya shige shi, tarin ya riƙa ja, maɓallinsa na maƙalewa. Na kwantar da shi cikin ɗanyar shinkafa kwana biyu don ta tsotse danshin, ya ɗan ji sauƙi.

A lokacin ne na fara ganin wata farar mota. Na gan ta a wurin hutawar matafiya a jihar Akita, na sake ganinta a gidan wanka bayan kwana biyu. Ran Alhamis na hau dutse na faka inda ba kowa, goshin mota na kallon mafita, makulli a jiki kamar kullum. Ina ɗora miya a wuta na ji tayoyi a kan tsakuwa, sannan aka ƙwanƙwasa sau biyu, a hankali.

Na danna. Tsoho ya yi tari. Na sake dannawa, ya tambaya waye. Mutumin bai motsa ba. Ta bayan labule ya ce, cikin ladabin da har yau ke tayar mini da tsikar jiki: "A gafarce ni da damuwa, baiwar Allah. Takalman maigida nake yabawa. Tun Akita nake dubansu, ko ɗigon laka babu."

Laifina ne, kuma zan faɗe shi a gaban gawa. Kullum da safe sai na wanke takalman nan, na goge, na jera su daidai, baki na kallon waje, yadda mahaifiyarmu ta koya mana. Ban iya ajiye ƙazamin takalmi a ƙofa ba. Wane masunci ne ke yawo da takalmi kamar na amarya?

Hannun ƙofa ya motsa. Na danna da ƙarfi, maɓallin ya maƙale, sai Tsoho ya ɓarke da ta huɗun, da iyakar muryarsa: "Ke dai kunnen ƙashi gare ki! Shekara hamsin da biyu, sai ka ce akuya! To bari ki ji, duk wanda ya kuskura ya taɓa ki, ko a ƙarshen duniya yake, ni da hannuna..."

Wannan ba karatu ba ne, fushi ne na gaske, kuma wanda ke waje ya ji bambancin. Hannun ƙofar ya tsaya. Na kashe wuta, na rarrafa zuwa kujerar direba, na murza makulli. A kwanar farko marigayin ya zame daga kan tebur ya faɗa tukunyar miya, bai ƙarasa jimlar ba. Na yi kilomita arba'in da safa kawai a ƙafata, ina kuka, har ofishin 'yan sanda.

Ya rasu ya bar rigar maza guda da ke rataye a taga, da usur, da batura biyu marayu. Takalman Yaya da nawa suna can inda na bar su. An sayi wasu, kuma tun shekaranjiya suke kwance a cikin kwata suna koyon aiki.

Za a yi jana'iza a wani ɗakin ibada inda ake yi wa tsofaffin allurai da 'yan tsana addu'ar sallama. Yaya Genzo zai halarta, ya ce zai ƙarasa jimlar da bakinsa. Ba a buƙatar furanni. Masu son halarta su yi haƙuri: a cikin masu karanta wannan sanarwa akwai mai farar mota, don haka za a faɗi ranar da wurin bayan an binne, na kuma yi nisa.