An Gayyaci Marigayi Ya Zo Ya Mutu

Ranar Talata ina sussukar masara, wani mai babur ya kawo takarda da hatimi. Maƙwabciyata Ladidi ce ta karanta mini, don ni a aji uku na tsaya. Wai Kwamitin Farfaɗo da Nishaɗi yana umartar mijina Sulemanu ya bayyana a Funtua ranar Asabar, ya mutu a gaban manyan baƙi.

Wata bakwai ke nan da muka binne shi.

Bari in warware muku. Tun ina amarya, wani Fada, limamin coci ɗan ƙasar Ailan, ya kawo mana wasan ban dariya na garinsu: tsoho ya mutu, an shimfiɗe shi kan tebur, yana ta zuba da-na-sani, dangi na rigima kan takalmansa. Sulemanu ne gawar, kowace kaka, shekara ashirin da shida. A can Ailan gawar ba ta tashi. Amma mutanen ƙauyenmu Ƙarfi suka ƙi watsewa a bar mutum ba a binne ba. Dole aka ƙara wani abu a ƙarshe: matar mamacin ta ce, "Tashi, koko zai huce," shi kuma ya miƙe.

Na shiga mota har Funtua. Shugaban kwamitin, Mai Girma Uban Nishaɗi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya gan ni bayan awa huɗu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Sulemanu ya rasu."

"Madalla! Ashe har ya fara gwaji."

"Rasuwar gaske. A cire sunansa, a bar shi ya huta."

"Haba Mama! Sau tara mutumin nan yana mutuwa a gabana, kullum tashi yake. Kuma mun riga mun buga hotonsa a kalanda. Kin gwada maganar kokon?"

Jama'a, ku ga shugabanci! Famfon ƙauyenmu ya shekara biyar da mutuwa, a bakinsu yana nan da ransa. Wane ne Sulemanu da za su bari ya mutu?

Ran Asabar suka ajiye tebur babu kowa a kai, manyan baƙi suka yi ta tafi raf-raf. Ladidi ta ji an ce bana ya ƙware har ba a iya ganinsa. Sun ma sa shi a wasan baɗi.

Ban faɗa wa Mai Girma ba, amma na gwada. Kowace safiya kofi biyu na koko nake zubawa, in juya wajen tabarmarsa in faɗi maganar. In ya tashi, ranka ya daɗe, ba zan ba ku aronsa ba.