Gadon Zarton Sahabi

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinka da sassafe ba alheri ba ne. Kai tsoho, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka riga ni, in yi gadon butarka. Yaya kunnen?"

Sahabi ne da kakansa Illo, a ƙofar rumfar walda da ke gangaren bakin ruwa a Yelwa, shekarar da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato. Ni ina kan benci, inda na saba zama.

Sahabi ya dawo daga koyon aiki a Kaduna da wani tsohon injin yankan ƙarfe, mai siririn zarto da ke zagayawa kamar ɗamara. Ya ɗora shi kan teburin da ya haɗa da 'yan ƙarafa marasa kauri. Jiya teburin ya yi rawa, zarton ya tsinke, ya tsage masa kunne. Zarto ɗaya ya rage masa, wani kuwa sai Kaduna. Ga Tamada mai jirgin inji tsaye da ƙaton ƙarfen da za a ɗaura injinsa a kai. Ya ce in ba a yanka masa yau ba, Kontagora zai kai aikin, kuma masu jirage duk bayansa suke bi.

Illo masassaƙin jirgi ne. Da amalanke ya zo, an lulluɓe wani abu da buhu.

"Mi ka kawo muna? Makararka?"

"Gadon injinka ne, mai kunne ɗaya da rabi. Wancan teburin naka ko kaza ta hau sai ta yi salati."

"Ni da na yi karatun ƙarfe a Kaduna, mai warin kifi zai koya mini?"

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Karatun ne aka rubuta maka a kunne?"

Aka yaye buhun. Katakon maɗaci ne baƙi ƙirin, mai kauri, an haɗa shi da ƙusar jirgi, ƙasansa kamar kwamin shayar da dabbobi. Da ƙyar muka sauke shi. Ana aje shi a daɓe ya karkata dama, ya karkata hagu.

Sahabi ya riƙe baki. "Jama'a ku gani! Gindinsa a tanƙware yake! Kai tsoho, tebur aka ce, ba kwale-kwale ba!"

Illo ya tsaya yana kallon abin da ya yi.

"Tun kafin a haifi ubanka hannun nan ke sassaƙa, bai taɓa yin gindi shimfiɗaɗɗe ba. Yau ne zai fara saboda ɗan tayi?"

"To mu tura shi tafki, in yi walda a tsakiyar ruwa, kifaye su riƙe mini waya."

Tamada bai yi dariya ba. Ya dubi rana, ya sunkuya zai ɗauki ƙarfensa.

"Aje shi, Tamada," in ji Illo, ba tare da ya dube shi ba. "Kai kuma rago, ɗauko shebur. In jirgi ya zo gaɓa, rairayi ake ba shi ya kwanta."

Suka haƙa daɓen, suka zuba rairayin bakin ruwa, suka zaunar da gadon a ciki. Illo ya sa aka cika kwamin ma da jiƙaƙƙen rairayi har baki.

"Jirgin da ba kaya shi ke rawa. Kamar kanka."

"Kaina ne ya sa Saratu ta ce ta gaji da kai. Jiya ma ni ta zuba wa kan kifi, kai ta ba ka ƙaya."

Saratu matar Illo ce, kakar Sahabi, kuma tun yaron yana rarrafe suke wannan rigima a kanta.

"Tausayi ne. Ta ce ba a hana majinyaci."

Aka ɗora injin, Sahabi ya ɗaure shi da notuna. Da ya ɗauko zarton ƙarshe, bakinsa bai daina zuba ba, amma sai da ya goge tafin hannunsa a wando kafin ya iya maƙala shi. Illo ya ɗebo ruwa a moɗa, ya cika ta fal, ya aje a gefen gadon.

"In ɗigo ya zuba, na sakar maka Saratu, har da akuyarta."

"In bai zuba ba fa?"

"Ka san abin da ya rage maka."

Sannan tsohon ya taka a hankali ya tsaya ta hagu, daidai inda zarton ya yi tsalle jiya.

"Matsa daga nan, tsoho."

"Nan inuwa take."

Babu inuwa a wurin.

"Na ce ka matsa! In ya tsinke..."

"Sai ka huta da kishi. Kunna, ko tsoro kake ji?"

Sahabi ya yi bisimilla ya kunna. Injin ya ɗauki kuka, haƙoran suka kama ƙarfe, gari yana zuba. Da aka kai tsakiya kukan ya sauya, ya yi ƙasa kamar zai shaƙe. Sahabi ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi ya ci abincinsa," in ji Illo. Muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

Ruwan moɗa yana ɓari a samansa kawai. Can sai muka ji guntun ƙarfe ya faɗi ƙasa, tim. Tamada ya ɗauka, ya shafa bakin yankan da babban yatsa, ya juya ya ƙwala wa yaran jirginsa kira su kawo sauran.

Sahabi ya tsuguna yana duba ƙasan moɗa, wai ko zai sami ɗigo. A nan idonsa ya faɗa kan wani tsohon fenti shuɗi a jikin katakon, da facin kwalta mai kama da tafin hannu. Duk wanda ya tashi a gangaren nan ya san wannan facin. Ya ɗaga kai ya dubi bakin ruwa, inda turken jirgin Illo yake tsaye da igiyarsa, ba komai a jikinta.

"Kaka..."

"Kai, rufe mini baki! Ya tsufa, yoyo yake yi. Na rasa wawan da zan jibga wa ne."

Ni kuwa shekaranjiya na ga jirgin nan ya dawo daga hanyar Shanga da buhunan shinkafa, cikinsa a bushe.

Sahabi ya yi dariya, ya share ido da gefen riga, ya ce garin ƙarfe ne. Ya laluba aljihu ya ciro farin goro, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Na janye. Na bar maka Saratu."

Illo ya karɓa, ya ɓare, ya mayar masa da ƙaramin ɓarin.

"Kan kifin fa?"

"Shi kam, tsoho, sai ka mutu."