Rasuwar Falmata, Jitar da Aka Ba Hambali Riƙo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ta ƙara wa nauyi, Hambali ɗan Goni Maje na unguwar Fagge yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da masu zuwa rawar Asabar a Sabon Gari rasuwar Falmata, jitar lantarki mai tsirkiya shida, wadda ta cika a cikin daminar bana ta 1977. Ya so ya buɗe sanarwar nan da addu'ar da ake yi wa mutane. Da ya tambayi mahaifinsa ko ya halatta, tsohon ya dube shi kawai, ya ci gaba da jan carbi. Don haka ya bari.

Marigayiyar haifaffiyar Amurka ce. Wanda ya kawo ta Kano, wanda kuma shi ne ubanta na gaskiya, shi ne Oga Okechukwu, makanike a tashar jirgin ƙasa. A shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo, abokan aikinsa suka yi ta sayen babur da firji da rediyo mai kaset, shi kuwa ya sa wani ɗan kasuwa ya yi masa odarta. Ba su daɗe tare ba ƙarfen haɗa taragu ya matse masa hannun hagu, yatsu uku suka tafi. Da ya warke, sai ya ɗauko ta a akwatinta ya zo Fagge wurin Hambali, wanda ya koyi kiɗa ta hanyar leƙen tagar kulob da kwaikwayo a kan wata tsohuwar jitar katako mai tsage. Bai sayar masa ba, bai kuma ba shi kyauta ba. A Kano ya girma, ya san yadda ake ba ɗan uwa riƙon 'ya, shi ya yi. Sharaɗinsa ɗaya: duk ranar Asabar a ajiye masa kujera kusa da lasifika.

Duk wanda ya san Falmata zai yi mata shaidar kyau. Jikinta baƙi ne a gefe, ya sirka da ja, ya ƙare da ruwan zuma a tsakiya. Tana da nauyi, har mariƙinta yakan bar shata a kafaɗa, amma wuyanta yana kwanciya a tafin hannu kamar ƙotar fartanyar da aka shekara ana noma da ita. Tsirkiyoyinta na zaune dab da katako. Ba ta son a danna ta da ƙarfi, taɓawa kawai take so. Mai gaggawa takan tona masa asiri, mai haƙuri kuwa ta rufa masa.

Muryarta kala-kala ce. Idan aka tura ɗan maɓallinta sama, sai ta yi magana da kauri da ɗumi, "dummm," kamar dattijuwa tana rarrashi daga cikin ɗaka. Idan aka mayar da shi ƙasa sai ta koma siririya mai kaifi, "tiringg," irin ƙarar da tasa sabuwa take yi idan an ƙwanƙwasa ta. Abin da ya bambanta ta da sauran jitocin Sabon Gari shi ne ba ta sakin sauti da wuri. A kaɗa tsirkiya ɗaya, a ɗan girgiza yatsa, sai ta riƙe "wiiii" ɗin nan har mai busa ƙaho ya sauke ƙahonsa yana jira. A irin wannan lokacin Hambali yakan saci kallon kujerar da ke kusa da lasifika. Oga Okechukwu ido a rufe, guntayen yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, suna bin inda ya kamata a danna.

Ciwon ajalinta ya soma ne da tsakiyar damina. Danshi ya shiga katakon wuyanta, tsirkiyoyin suka fara gogar ƙarafan da ke jere a kai. Inda take cewa "dummm" sai ta koma "dzzz," kamar ƙuda a cikin kwalba. Hambali ya san ya kamata ya kai ta wurin ubanta. Bai kai ba. Ya ji nauyin a ce 'yar da aka ba shi riƙo ta kwanta a hannunsa.

Sai ya tuna kakansa na wajen uwa, mai kiɗan garaya ga maharba. Idan damina ta sa fatar garaya ta saki, tsohon yakan kai ta gefen wuta ya gasa ta, yana juyawa yana ɗan bugawa, har muryarta ta dawo. Haka masu kalangu suke yi, haka masu ganga. Hambali ya auna ya ga ciwon ɗaya ne: danshi ya shiga, murya ta dushe. Wata safiya ya ɗauki Falmata zuwa gidan burodin wani da ake kira Gana, ya jingina ta da bangon tanda, da niyyar ta sha ɗumi kaɗan.

Daga nan ya tsallaka wurin mai shayi. Ya tarar ana gardama a kan akuyar da ta shiga gidan maƙwabci ta cinye shanyar gero: laifin mai akuyar ne, ko na wanda ya bar ƙofa a buɗe? Hambali bai taɓa iya wuce irin wannan magana ba. Ya zauna, ya kawo hujja, ya rushe ta da kansa, ya kawo wata. Gana bai san da baƙuwa a bayan tanda ba, ya ƙara itace don zubi na biyu.

Da Hambali ya dawo, fentin jikinta ya tashi ƙuraje, ya tsattsage. Kakin da ke cikin maganaɗisun da take jin tsirkiya da su ya narke ya zubo. Wuyan ya murɗe kamar busasshiyar kuɓewa. Ya ruga da ita gida ya jona ta da akwatin sauti. Ta ce "kr," ta sake cewa "kr," daga nan sai gurnanin lasifika shi kaɗai.

Emmanuel mai gyaran rediyo, wanda ya duba gawar, ya tabbatar ba ta tashi. Ya kuma buɗe wani ɗan aljihu a cikin akwatinta ya fito da wani lanƙwasasshen ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba. Ashe akwai sandar ƙarfe a cikin wuyanta, da wannan ake ɗan murɗa ta idan damina ta zo. Oga Okechukwu ya san da haka. Da hannu ɗaya ma zai iya.

Tun ranar Hambali yake juya al'amarin. Masu ta'aziyya sun ce niyyarsa mai kyau ce, kuma aiki da niyya yake tafiya. Ya yarda. Amma ya bincika ya ga niyyar biyu ce: ɗaya ta neman lafiyar Falmata, ɗaya ta kada a ga gazawarsa, kuma ta biyun ce ta zaɓi hanyar gidan burodi. Sun ce kwananta ne ya ƙare. Bai musa ba, sai dai bai ga inda aka ce ƙarewar kwana tana wanke wanda ya jingina ba. Ya gwada ɗora wa kakansa, ya ga tsohon bai taɓa ajiye garaya ya tafi shan shayi ba. Abin da ya fi ci masa rai ma ba tandar ba ce. A Asabar ɗin da ta biyo baya, Oga Okechukwu ya zo da farar rigarsa ya zauna a kujerarsa, Hambali ya hau dandali da jitar aro, ya aika masa cewa Falmata tana hutawa saboda ruwa. Mutumin ya gyaɗa kai, ya ce a gaishe ta.

Marigayiyar ta rasu ta bar akwatin sauti ɗaya, wanda yanzu ba ya faɗin komai sai gurnani. Ta bar waya mai nannaɗe, da mariƙin fata da ya sha gumi, da akwatinta mai shimfiɗar jan karan-miski wanda har yanzu shatar jikinta take ciki. Ta bar Augustine mai ganga da sauran 'yan ƙungiya, waɗanda mai kulob ya fara yi wa kallon da ba su gane ba. Ta bar uban riƙo. Ta kuma bar uba, wanda har zuwa rubuta wannan sanarwa bai sani ba.

Game da jana'iza: ba za a yi mata wanka ba, ta sha wahalar ruwa. Ba za a kunna turaren wuta kusa da ita ba. An yi ta muhawara ko a Fagge za a rufe ta ko a Sabon Gari, tunda ta kwana a gidan malamai ta kuma yi kiɗan biki a coci, amma Hambali ya ce wannan ba hurumin uban riƙo ba ne.

Za a tashi da gawar ranar Lahadi bayan an taso daga coci, daga ƙofar gidan Goni Maje zuwa kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, inda ubanta yake. A ƙasa za a tafi. Wanda ya so rakiya ya biyo daga nesa, amma kada kowa ya karɓi Hambali ɗaukar akwatin, ko da an ga ya gaji. Sai bayan ya fita za a manna wannan takarda, don haka ana roƙon duk wanda ya karanta kada ya hau keke ya riga shi. Yana so Oga Okechukwu ya ji daga bakinsa, har da maganar Asabar ɗin.

Ba a sa wurin zaman makoki ba tukuna. Idan Oga Okechukwu ya ce a shigo, a gidansa za a zauna. Idan ya karɓi akwatin ya rufe ƙofa, masu ta'aziyya za su sami Hambali a kan dakalin waje.