Ranar da Na Shiga Guna da Motar Kamfani

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na samu mota ta kwana uku ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini sauran abubuwan da ke kaina. Shekarar ce da kowa a Damagaram ke maganar ƴancin kai, ana cewa Nasara za su tafi su bar mana kujerunsu. Ni kuwa kujera ba ta dame ni ba. Mota nake so.

A lokacin ina komi, wato ɗan rubutun biro (ofis ke nan), a wani kamfanin sayen gyaɗa. Na fito lakwal, wato makarantar boko, da takardata, ina da wando fari guda biyu da keke mai ƙarar sarƙa. In ka zauna da mu samarin biro a wancan zamani, hirarmu ba ta wuce wane aiki ne ke zuwa da mota. Kwamanda yana da ita, likita yana da ita, mai duba hanyoyi ma haka. A kamfaninmu kuwa mutum biyu ne kawai: Nasaran da ke shugabantarmu, wanda muke kira Patiro, da mai zagaya ƙauyuka yana duba sikelin masu saye. Wannan na biyun ɗan ƙasa ne kamar ni, kuma (Allah ya yafe mini) ban taɓa gaishe shi da zuciya ɗaya ba.

Sai ga shi zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar kaka. Patiro ya kira ni ya ce in riƙe zagayen na kwana uku, in na yi da kyau zai tuna da ni, don ana shirin ƙara mota ta biyu. Na ce to da Faransanci har sau uku. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, cikin garuruwan da zan bi har da Guna, garin mahaifiyata, kuma a wannan makon ake ɗaurin auren Isufu, ɗan kawuna Malam Habu. Tun kafin in bar biro na aika da saƙo ta bakin wani mai raƙumi: a gaya wa Kawu ina nan tafe da motata. Ka ji fa, motata.

Motar ƙaramar kamiyo ce mai buɗaɗɗen baya, kuma tana da mai tuƙa ta, Baba Kyari. Tsohon soja ne, Babarbare, ya girmi mahaifina. Ba ya yawan magana, ba ya tada mota sai ya yi bisimilla, kuma yana shafa ta da tsumma kamar mai wanke jariri. Kwana biyu muna yawo, ina zaune gefensa ina kallon hannunsa da ƙafarsa, har na yanke wa kaina hukunci cewa tuƙi ba wani abu ba ne. Mutumin da bai san harafi ɗaya ba yana yi, balle ni mai takarda?

Rana ta uku da hantsi, da muka hango itatuwan Guna, na ce ya tsaya.

"Lafiya, ɗana?"

"Baba, ni zan shiga da ita gari."

Ya dube ni kamar na ce zan haɗiye ta. "Ka taɓa tuƙi?"

"Na gani ai."

"Ni ma na ga likita yana fiɗa," in ji shi. "Ban ce a ba ni wuƙa ba."

A nan ne shaiɗan ya hau ni. Na gyara zama, na juya harshe zuwa Faransanci, na tuna masa cewa ni Patiro ya ba wa wannan tafiya, shi shofer ne kawai. Ban ce Baba ba, Kyari na ce, gatsau. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Tsohon ya buɗe ƙofa ya sauka.

"To, Mushe," ya ce. Bai taɓa kira na Mushe, yadda ake kiran manya da Faransanci, ba sai ranar.

Ya nuna mini abin da zan taka in saki a hankali, ya sa mini giya da hannunsa. Ya fara cewa, "Na tsakiyan nan kuwa shi ne…" na katse shi na ce na sani. Ya so ya zauna gefena, na hana. In mutane suka ga shofer kusa da ni, ina amfanin wahalar? Na ce ya hau baya wurin sikeli da buhuna. Ya hau.

Motar ta yi tsalle biyu kamar akuyar da aka kwance, sannan ta miƙe. Kai, jama'a! Wannan ɗan taƙin hanya, ban taɓa jin daɗi irinsa ba. Iska na kaɗa mini riga, na sa hannu ɗaya waje yadda na ga Patiro yana yi. Da na shigo gari na danna oda. Mata suka leƙo ta kan darni, wata ta rangaɗa guɗa. A ƙofar gidan Kawu an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun cika wuri ana jiran liman, ga makaɗa a gefe. Babban marokin garin ya hango ni ya ɗaga murya: "Ga ɗan ƙanwar Malam Habu! Ga mai doki da ba ya cin ciyawa!"

Na ɗaga musu hannu. Na zo daidai inda ya kamata in tsaya. Sai a lokacin na gane ban san yadda ake yi ba.

Abubuwan takawa uku ne a ƙasa, ni kuma ƙafa biyu gare ni. Na zaɓi na dama na taka da ƙarfi. Motar ta yi kururuwa ta zabura. Na murɗa sitiyari don kada in hau tabarmi, muka zagaye filin. Dattawa suka ɗauka burga ce, wasu har suna tafi. Na sake zagayowa. A zagaye na biyu marokin ya daina kirari ya tattare rigarsa. Ina jin Baba Kyari yana dukan rufin mota yana ihu, "Na tsakiya! Na tsakiya!" Ni kuwa na fahimci cewa in bi ta tsakiya. Na bi ta tsakiya. Dattawan Guna, masu rawani da carbi, suka watse kamar zabi, wani ya bar takalmi, wani ya haye katangar rijiya da tsufansa.

Allah ya tsare, ban taɓa kowa ba. Abin da ya tare ni shi ne rumbun Kawu, wanda aka gama cikawa da geron bana bai fi kwana goma ba. Na ji ƙara, rumbun ya karkata, ya yi kamar yana tunani, sannan ya kwanto a kan motar gaba ɗaya. Injin ya mutu. Duhu ya rufe ni, ƙaiƙayi ya cika mini wuya da hanci.

Da dammunan gero aka fara, ana janye su ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai gare ni. Na fito fari fat da ƙura, ina atishawa, hulata ta ɓata. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Baba Kyari na zaune a ƙasa riƙe da gwiwarsa, sikeli ya buge shi. Kawu ya zo ya tsaya, ya dubi abincin gidansa na shekara a warwatse cikin rairayi, kaji har sun fara biki. Sannan ya dube ni.

"Sannu da zuwa," ya ce. "Wannan ce motar taka?"

"Ta kamfani ce, Kawu."

"Af. A saƙo taka ce, yanzu ta zama ta kamfani."

An ɗaura auren Isufu a makare. Maimakon cin tuwo, baƙi suka duƙa tsince zangarniya. Inna, matar Kawu, ta miƙo mini ƙwarya, na durƙusa da farin wandona ina tsinta tare da su.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne kawai. Washegari muka isa biro da fitila ɗaya a fashe, gaban mota a lotse. Patiro ya fito ya zagaya ta, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya tambaya, "Wa ke tuƙi?"

Na dubi ƙasa. Sai na ji Baba Kyari ya ce, "Motar a hannuna take, Patiro."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Patiro ya miƙa hannu ya karɓi makulli, ya ce ƙarshen wata ya nemi wani aikin. Tsohon ya sara masa irin ta soja, ya juya yana ɗingishi. Ni kuwa na shiga ciki na zauna a teburina, na ɗauki alƙalami kamar mutumin kirki.

Kwana biyu na yi a haka. A rana ta uku na je gidansa a Zango, na tarar da shi a zaure yana gasa gwiwa da tsumma mai ɗumi, matarsa na miƙo masa ruwa daga ciki. Na durƙusa na ce, "Baba, me ya sa ka rufa mini?"

"Ba kai na rufa wa ba," ya ce. "Ni na sauka na ba ka. Babba da ya biye wa yaro, shi ma yaro ne. Nawa laifin na ɗauka. Naka yana nan inda ka bar shi."

Daga nan ban koma gida ba, biro na wuce. Na faɗa wa Patiro komai, da Faransancin da ya gudu ya bar ni a tsakiyar zance har sai da na ƙarasa da Hausa. Ya daɗe yana kallona. Ya mayar wa Baba Kyari makullinsa, ni kuma ya tura ni sito wurin awon buhuna, cikin ƙura da ƴan dako. Mota ta biyu ta zo bayan an ɗaga tutar ƴancin kai, aka ba wani. Duk ranar hutu ta wannan rani a Guna na yi ta, ina kwaɓa laka muna tada wa Kawu sabon rumbu, masu wucewa suna gaishe ni: "Shofer, ya aiki?" Sunan ya bi ni har yau, jikokina ma sun ɗauka sana'ata ce.

Abin da na koya dai shi ne, in wurin aiki ya ba ka abu, ka tuna aro ne, su kuma ba sa mantawa da kayansu. Kamfani ya karɓi motarsa, ya gyara fitila, ya shafe lotsawar da fenti. Kunyar ce kaɗai aka tabbatar tawa ce, don shekara da shekaru ke nan ba wanda ya zo karɓa.