Zanen da Aka Rubuta da Hannu

"...ina gajiya, angona? Ko jirgin Lyon ne ya gaji da ɗaukar wannan ƙaton kai?"

Hajiya Raliatou ke nan, mai shagon atamfa a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris, tana tarbar jikanta Mounkaila da ke karatun saƙa a Lyon. Siliki ta aike shi saye, amma wani zane dabam ya riƙo mata. Shi kuwa so yake ya tafi Indonesiya koyon rini, ubansa kuma ya ce sai in tsohuwa ta yarda. Tsohuwar nan ko, sau biyu tana cewa a'a.

"Lafiya lau, amarya mai haƙori uku. Ga saƙonki."

"Wannan ne silikin? An aiki bawa garinsu! Mi ne ne wannan?"

"Batik."

"Ba tik ba tak. Sunan mage ne?"

"Ingilishi ne, Kaka. Su ma aro suka yi daga mutanen Jawa, can Indonesiya. An ce daga titik ya fito, wato ɗigo. Irin wannan kuwa tulis suke ce mai, rubutacce. Can atamfarki ta samo asali, 'yan Holan kwaikwayo suka yi."

"Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya! Tun ubanka na yawo ba wando nike saida Holan."

"To ɗanɗana mana, tunda harshenki ya fi idonki gani."

Hajiya ba ta sayen zane sai ta lasa. Ta lashi gefensa, ta shinshina, ta ji ƙamshin kakin zuma. Ta juya bayansa, ta ga bai bambanta da gaban ba. Sai ta shiga neman inda hoton tsuntsun da ke jikinsa ya maimaita kansa, kamar yadda na inji ke yi. Ta bi da yatsa har ƙarshen ƙyallen, ba tsuntsu biyu da suka zama ɗaya.

"Wa ya yi shi?"

"Kakar wani abokina ce, can Jawa. Da ɗan bututu take ɗiga narkakken kaki, ɗigo bayan ɗigo."

"Da hannu? Duk wannan?"

"Gaba da baya."

"Ikon Allah! Tsohuwa kamata?"

"Ta fi ki kyau dai."

"Tafi can, mai wuya kamar mariƙin lema." Ta sake shafa zanen. "Na tsufa cikin zane, ashe inuwa nike saidawa, ban taɓa ganin mai inuwar ba sai yau."

Ta zare awarwaron zinariyar da ke hannunta, ta danƙa masa.

"Ka yi kuɗin jirgi. Ubanka kuma bar ni da shi."

"Kin sake ni ke nan?"

Ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Na ba da aron ka dai. In ka je, ka duƙa har ƙasa gaban tsohuwar nan, ka ce mata wata 'yar tallarta a Paris tana gaishe ta."