Oga Radivoje da Fankar Motar Amarya

Garinmu ya yi dace da Oga Radivoje, bakaniken da ya laƙaba wa kansa suna Likitan Inji. Sauran kanikawa gyara suke yi, shi kuwa duba mara lafiya yake yi. Yakan kara kunne a bonet, ya lumshe ido, mai mota ya yi tsit har sai likita ya farka.

Kamar kowa a nan, Oga yana tsoron promaya, iskar da ke shiga ta wannan taga ta fita ta waccan. Duk mun san ita ke sandare wuya, ta karkace baki. Inda ya fi mu ilimi shi ne ya gano inji ma yana kamuwa da ita.

Ana gobe bikin 'yarsa Jagoda, ya buɗe tsohuwar motarsa da za ta ɗauki amarya, ya tara maƙwabta.

"Littafi ya ce fanka ta tashi a digiri casa'in da biyu," in ji shi. "Wanda ya rubuta bai taɓa jinya ba. Inji yana gumi ka watsa masa iska? Kai za ka yarda a yi maka?"

Ya murɗa ma'aunin da ke tayar da fankar injin zuwa ɗari da ashirin. Matarsa Milunka ta ce, "Maigida, watan Agusta fa ake, tsakiyar zafi." Ya ce ta je ta ji da miyarta.

Washegari ayarin biki ya kama hawan dutse zuwa coci, an ɗaura tawul a madubin kowace mota, ana hon, ana tafiyar kunkuru yadda aka saba. Limamin coci ya riga ya faɗa: sha biyu na wucewa zai tafi wani ƙauye, sai kuma bayan sati biyu. A rabin hanya allurar zafin inji ta kwanta a ja. Fanka, mai biyayya ga likitanta, ba ta motsa ba.

"Baba, wani abu na ƙauri," in ji Jagoda.

"Lafiya ce ke fita."

Lagireto ya fara huci. Saura minti tara. Oga ya san magani ɗaya ne: a kunna hitar ɗumama cikin mota har ƙarshe ta zuƙe zafin injin. Ya kunna. Cikin mota ya koma tanda, kwalliyar amarya ta fara gangarowa kan farar riga, yarinya ta fashe da kuka.

Milunka ta sauke gilashinta, ta miƙa hannu ta sauke na baya.

"Za ki kashe mu!" in ji Oga.

"Ja mota, Likita. Sauke naka ma."

Haka babban maƙiyin promaya ya shiga harabar coci tagogi huɗu a buɗe, gashinsa a tsaye, gari duka yana kallo. Liman har ya ɗauko makullin motarsa. Aka ɗaura aure.

Oga ya naɗe wuya da mayafi, ya kwanta kwana uku yana jiran cuta ta zo ta wanke shi. Ko atishawa bai samu ba. Yana kwancen nan Milunka ta ɗauki sukundireba ta mayar da ma'aunin kan casa'in da biyu.

Bai taɓa tambayar wanda ya taɓa ba. Amma har yau, in fankar ta tashi a ƙofar gida, yakan miƙe ya rufe tagar falo.