Gashin Bakin Mahmudu da Dokar Ɗan Aro

"In ba a rubuta sunana a jikin kofin nan ba, ku aske mini gashin baki a gaban jama'a, kuma ba sabulu."

Mahmudu ne ya faɗi haka a ƙofar shagon tsiren Mukhtaru da ke unguwar Kudai a nan ƙasa mai tsarki, yana murza gashin bakin da yatsu biyu. To abokina, in ba ka san gashin bakin nan ba, ba za ka gane nauyin maganar ba. Shekara ashirin da biyu yana kiwonsa. Ranar da aka ce mu tashi daga unguwarmu ta Nakkasa za a rushe ta, kowa katifa da tukunya ya fara ɗauka, shi kuwa ɗan matajin gashin baki ya fara sa wa a aljihu. Ko umara ya yi, wanzami na aske masa kai, hannunsa na kan leɓe yana gadi.

Abin da ya jawo wannan cika baki wani tseren babur ne na Turawa da ya tsinta a waya, wai shi sifidwe. Mutum huɗu ne ke tashi a fili zagayayye na ƙasa, su yi zagaye huɗu, kwanar duk ta hagu ce, babur ɗin kuma ba birki. Na ɗaya ya ci maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Mahmudu mai sayar da rigar waya ne, tafiyarsa mafi nisa a duniya Ɗa'ifa ce da ke nan kusa da mu, amma in ya zauna a mirkaz, wato bencin da muke hira a kai, sai ka rantse a bakin filin aka yanke masa cibiya. Mu muka sa masa suna Sarkin Kwana, shi kuma gogan ya ɗauka yabo ne.

Abu biyu ya ce sun lalata wasan a ƙasar Turawa. Na farko, a ce ƙungiya ta sha wahala shekara guda ta zo ta ɗaya a lig, sannan a ce sai an sake yin sili-ɗaya-ƙwale kafin a san zakara. Wannan, in ji shi, fashi ne da rana tsaka, kamar ka yi azumin wata guda a miƙa ladan ga wanda ya zo cin tuwon sallah. Na biyu kuma ɗan aro: in mahayinku ya ji ciwo, ku aro na wata ƙungiya ya hau muku. Yau yana tare da ku, jibi yana watsa muku ƙura. Ya ce duk ƙungiyar da ta ci kofi da ɗan aro ba ta da kunya, ango ne da rigar haya.

Da surutun ya ishe mu, Mukhtaru ya ce masa, "Ya shek, ko ka nuna mana a ƙasa, ko ka bar mu mu ci tsire."

Haka lig ɗinmu ya samo asali. Samarinmu da yawa aikin kai saƙo suke yi da babur, ga wani mai istiraha, wato gidan hutu, a hanyar Laisu ya ba mu filin bayan gidan kowace Asabar bayan la'asar, lokacin sanyi. Aka yi ƙungiya biyar, kowace mutum biyu. Mukhtaru ya sayo kofi, ya kuma riƙe littafin maki da dokoki. Mahmudu ya naɗa kansa shugaban gasa, ya ɗauki ɗan yayarsa Hudaifa abokin hawa, ya sa wa ƙungiyarsu suna Guguwar Kudai. Nan ne fa ya yi alkawarin gashin baki.

Asabar ta farko ya zo ya cire birkin babur ɗinsa, yana yi wa sauran kallon ƙauyawa don sun ƙi cire nasu. Aka ɗaga igiyar fara tsere. Sarkin Kwana ya iso kwanar farko, ya wuce ta, ya wuce layi, ya wuce mu da muke tsaye, bai tsaya ba sai cikin garken awakin mai istiraha. Ya fito da ciyawa a gashin baki yana cewa wanda ya zana filin bai san lissafi ba. Washegari a ɓoye ya mayar da birkin, daga nan kuma ya shiga taka shi tun kafin ya hango kwana.

Kaka guda cur, wallahi, mutumin nan bai ci maki ko ɗaya ba. In bai faɗi ba, to shi ne na ƙarshe. Yau taya, gobe iska, jibi rana ce ta shiga idonsa. Hudaifa bawan Allah shi ke ɗauke da ƙungiyar: in ya zo na ɗaya ya ci uku, abokan gaba su haɗa biyu da ɗaya, a tashi canjaras, in kuwa ya kuskura ya zo na biyu an cinye su. Kuma bayan kowane wasa sai kawun nasa ya ja shi gefe ya koya masa yadda ake shan kwana.

A tsakiyar kaka wani yaro na wata ƙungiya ya gurɗe, abokin hawansa ya nemi a ara masa Rakan. Rakan ɗin nan haihuwar nan ne, Hausarsa sai a hankali, amma a kan babur aljani ne. Mahmudu ya tashi kamar an taka wutsiyar maciji. Ya ce a Turai ma da suka lalace, suna da doka: ɗan aro ba zai fi wanda ya ji ciwo yawan maki ba, sai dai daidai da shi ko ƙasa.

"Rubuta, Mukhtaru. Rubuta da jan biro, ni zan sa hannu."

Mukhtaru ya rubuta, gogan ya sa hannu har da ƙawata shi da lanƙwasa.

Da aka gama lig, ƙungiyar Nakkasa ta Sami da ƙaninsa ce ta ɗaya, ba a taɓa cin su ba. Guguwar Kudai ta huɗu. Ta Rakan ce ta biyar, don abokin hawansa ya koma Jidda sun yi ta rasa wasa. Muna shirin miƙa wa su Sami kofi, sai ga Mahmudu da sabuwar fatawa. Wai ya sake nazari, lig ba sili-ɗaya-ƙwale miya ce ba gishiri, duk duniyar da ta ci gaba haka take yi, huɗun farko su sake karawa. Na ce masa ina maganar azumi da tuwon sallah? Ya ce ilimi kogi ne, jahili ne kaɗai ba ya canza ra'ayi.

Mirkaz ya kaure da gardama. Dattawa suka ce zalunci ne, wanda ya yi noma shi ke da girbi. Samari suka ce a bari, wasa ya fi daɗi in zuciya na bugawa. Mukhtaru ya tambaye shi, to mutumin da ya sha ƙura wata uku fa, ina hakkinsa?

"Kofi na wanda ya hau ranar ƙarshe ne," in ji Mahmudu. "Shi kaɗai za a rubuta sunansa. Sauran tarihi ne. Rubuta."

Shi ma aka rubuta. Sami ya yi dariya ya ce ba matsala, ko sau goma za a sake.

Sai kuma sa'ar banza ta faɗo masa. Ranar wasan kusa da na ƙarshe matar ɗaya daga cikin abokan karawarsu ta haihu, ba su zo ba, Guguwa ta wuce ba tare da ta tayar da ko ƙura ba. Saura su da su Sami. A nan ne Sarkin Kwana ya zauna ya yi lissafin da ya ɗauka ba wanda ya taɓa yin irinsa tun da aka kafa duniya. Shi dai ya san in ya hau, an gama. Amma in ya ji ciwo, ga Rakan zaune ba aiki. Rakan da Hudaifa su ci, shi kuma shugaba ya ɗaga kofi. Matarsa Kabira ce ta naɗe masa ƙafar da bandeji, tana naɗawa tana ce masa baki shi ke yanka wuya, ya ce mata ba ta san siyasar wasa ba.

Asabar ɗin ƙarshe filin ya cika, har mutanen tsohuwar unguwa da muka yi shekaru ba mu haɗu ba sun zo. Ga Mahmudu ya sauko daga mota da sanda, yana nishi kamar mai naƙuda, ana ta yi masa salamat, wato sannu. Ya sanar cewa ya zame a matakala, likita ya ce sati uku ba hawa, don haka cikin baƙin ciki ƙungiyarsa za ta ɗauki ɗan aro. Rakan ya matso da hular kwano a hannu.

Mukhtaru ya dakatar da shi. Ya goge man tsire a hannunsa, ya buɗe littafi, ya juyo da shafin jan biro. Ya karanta dokar a hankali, sannan ya karanta makin Rakan, saba'in da ɗaya. Ya sa yatsa ya gangaro zuwa sunan Mahmudu, ya daɗe yana dubawa kamar mai neman allura.

"Sifili," ya ce. "Sai ka nemo mana wanda bai fi sifili ba."

Mahmudu ya leƙa shafin. Can sai ya taka ƙafar a ƙasa, ya ce ikon Allah, yana jin kamar sauƙi ya samu, zai iya lallaɓawa ya hau. Mukhtaru ya ce masa hanya biyu ce: ko ƙafar ta yi ciwo a kawo ɗan aro, ko ƙarya ce a kori Guguwa daga gasa. Hudaifa da sauri ya ɗauko sandar ya mayar masa a hammata, ya ce, "Zauna, Kawu. Sati uku likita ya ce." Gogan ya zauna ya ci gaba da nishi, wannan karon na gaske.

Aka duba littafi kaf, duk wanda ya taɓa hawa yana da maki, ko da ɗaya ne na tsautsayi. Ba wanda ya cancanta sai wanda bai taɓa yin tsere ba. Sai ido ya faɗa kan Baba Sabi'u wanzami, dattijo mai shekara sittin da bakwai, wanda ya tsufa yana aske kan masu umara. Kallo kawai ya zo, a kan ɗan tsohon babur ɗinsa da yake zuwa aiki, jakar askinsa ɗaure a baya. Ya ce shi bai san wasan ba, amma in zagaye ne zai iya.

Abokina, na ga abubuwa a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Baba ya ɗora hular kwano a kan hularsa, ya yi bisimilla. Ana ɗaga igiya samari uku suka ɓace cikin ƙura, shi kuwa ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya tashi. Kowace kwana sai ya kunna sigina. Hudaifa kuwa, da yake yau ba kawun da zai faɗi a gabansa, ya zo na ɗaya sau huɗu a jere. Baba na ƙarshe sau huɗu a jere. Sha biyu da sha biyu, saura tashi ɗaya.

A tashi na biyar Sami ya gaji da canjaras. A kwanar ƙarshe ya ce sai ya wuce Hudaifa ko ta halin ƙaƙa, ya kwantar da babur fiye da kima, ƙasa ta ɗauke shi. Bai ji ciwo ba, amma babur ya ƙi tashi. Yana ta buga shi, Baba Sabi'u da ke da sauran zagaye ɗaya da rabi yana tafe ɓut-ɓut-ɓut da siginarsa. Ya iso wurin Sami ya rage gudu, in ma akwai abin ragewa, ya yi masa sannu, ya wuce. Sai da muka yi kusan minti biyu muna jiran ya ƙaraso layi. Na uku. Maki ɗaya. Sha shida da sha huɗu.

Mai ciwon ƙafa ya yi tsalle ya jefar da sanda, ya sheƙo da gudu bandeji na warwarewa a bayansa, ya rungume kofi yana cewa dabararsa ce, tun farko haka ya tsara. Mukhtaru ya bar shi ya gama. Sannan ya sake buɗe littafi, ya ɗauko alƙalamin rubutu a ƙarfe, ya rubuta a gindin kofin: Hudaifa, Sabi'u.

"Ni fa? Wata uku ina shan ƙura a filin nan."

"Sauran tarihi ne," in ji Mukhtaru, ya nuna masa sa hannunsa mai lanƙwasa.

Ba wanda ya tuna masa alkawari. Baba Sabi'u ne kawai ya je ya kwance jakarsa daga bayan babur, ya jawo kujerar roba, ya fara wasa aska. Mahmudu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana neman mai ceto, ni dai takalmina na tsaya kallo, don in na ɗaga kai dariya za ta kashe ni. Ya roƙi a sa masa ko ɗan ruwa. Baba ya ce ba sabulu aka ce, ruwa ba laifi. Shekara ashirin da biyu suka zube a kan bandeji cikin daƙiƙa goma, don hannun da ya saba da layin masu umara ba ya jira. Leɓen ya fito fari fat kamar na jariri.

Yana zaune ya rufe baki da tafin hannu, Hudaifa ya zo da kofi a hammata, ya durƙusa gabansa cikin ladabi, ya ɗauko sandar ya ajiye masa a cinya.

"Kawu, ni da Baba mun yi shawara kan baɗi. Don girman Allah, kada ka warke."